Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Takardun canjin wurin aiki a Nijar sun fi fitowa gab da komawa makaranta. Shi ya sa a watan Oktoba za ka ga motocin Maraɗi maƙare da katifu a naɗe, da tukwane a buhu, da mutanen da ba su taɓa kwana a garin da za su ba. Malamin makaranta daga Doso an tura shi Gazawa, ungozoma daga Tawa an kai ta Agiye, malamin gona ɗan Damagaram ya sauka Gidan Rumji. Garuruwan nan uku sun saba da irin waɗannan baƙi. Agiye da Gidan Rumji sun zama mazaunin hukuma tun 1972, Gazawa kuwa a 2011 aka yanke ta daga Agiye. Dukkansu a bakin babbar hanya ɗaya suke, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Ƙwanni da Madawa ta nufi Tasawa da Damagaram. Gidan Rumji tana yamma da Maraɗi da kimanin kilomita 50, Agiye tana gabas da kimanin 80, Gazawa na gaba da ita.

Abin da na fi ji daga bakin waɗannan baƙi, bayan sun sami ɗaki sun shimfiɗa tabarma, shi ne wai garin babu komai. Babu gidan abinci mai tebur da kujeru, babu wurin shaƙatawa, babu inda mutum zai kai iyalinsa ran Lahadi. Da an tashi aiki ran Juma'a sai tasha, sai Maraɗi, ba a dawowa sai safiyar Litinin da kula cike da miyar mako. Wani haka zai yi ta yi har a sake ɗauke shi, ya bar gari bai san ƙofar gidan sarkin fawa ba. Wannan hasara ce, kuma tana damuna, domin abin da suke nema yana nan, allo ne kawai ba a kafa masa ba. A waɗannan garuruwa kowane abinci da sa'arsa, da ranarsa, da watansa. Wanda bai san lokacin ba zai wuce ta wurin ya ga ƙasa a share ya ce ba a sayar da komai.

Da an sallame sallar asuba mai ƙosai ta riga ta hura wuta kusa da tasha, ga koko a gefe an rufe da faifai, ga mai waina tana juyi a tanda. In ka zo da hantsi toka za ka tarar. Teburin mai shayi ya fi daɗewa, da burodinsa da ƙwansa da gwangwanayen madara a jere, kuma a bencinsa ake jin nawa tiyar hatsi ta kwana, wace mota ta lalace a hanyar Tasawa, wa aka yi wa rasuwa. Baƙo ya zauna nan ya yi gaisuwa cikakkiya, ya ƙi gaggawa. Idan daga wajen Najeriya ya fito, ya riƙe cewa da dala ake ciniki: dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin sefa 100, jaka kuma 1,000.

Da rana sai fura. Wanda ya tashi a babban birni yakan ɗauke ta abin korawa bayan an ci abinci, amma a ƙasar Maraɗi ita ce abincin rana ɗungurungum, ita manomi ke sha a gona, ita ake tarbar baƙo da ita kafin a tambaye shi sunansa. Aikinta ba kaɗan ba ne: a surfe hatsi, a wanke, a daka da citta da kanumfari da barkono, a cura, a dafa, a mayar turmi a kirɓa, sannan a dama da nono. Mai kyau ana gane ta tun a ludayin farko, ba ta tsinke ba, ba ta yi gari-gari a harshe ba, tsamin nonon bai danne ƙanshin hatsin ba. Ran kasuwa matan Fulani na zaune a inuwa da ƙorensu, sai ka sayi dunƙulen fura wurin wata, nono wurin wata, a dama maka a gabanka. A nan wuri ɗaya nake ba da shawarar taka tsantsan: ruwan da za a dama da shi, ka zo da naka ko ka san inda aka ɗebo shi. Sauran abinci kuwa, wanda aka sauke daga wuta a idonka ya fi kwanciyar hankali.

Amma girkin da ya fi daɗi a waɗannan garuruwa ba ya zama a bakin titi. Daga cikin gidaje yake fitowa, a kan 'yan talla. Matan aure da yawa ba sa fita kasuwa, sana'arsu a tsakar gida suke yi, yara su kai wa masu saye. Bayan la'asar za ka ga tire-tire suna ratsa unguwa: awara da yaji, ɗan wake da man gyaɗa, dambu da kwaɗon zogale an barbaɗe shi da ƙuli-ƙuli, dafaffen rogo, soyayyar fara idan lokacinta ne. Kowace unguwa ta san gidan da ya iya abu kaza, kuma ba a rubuce yake ko'ina ba. Sai ka tambaya. Sabon malami yakan ce wa dattijon da ke gadin makaranta, "Baba, ina ake samun tuwo mai kyau a garin nan?" Shi kuma, da yake haka ake kiran malamin boko a nan, ya ce, "Mushe, ai tuwo ba a nemansa a titi. Bari yarinyar ta zo in nuna mata ƙofarka." Daga ranar, da magariba ta yi, kwano zai iso da tuwon hatsi da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, a biya a ƙarshen mako ko ƙarshen wata.

Kwanon nan kada a shige da shi ɗaki. A unguwanni da yawa har yanzu ana ciyayya: bayan sallar isha'i magidanta su fito da kwanukansu ƙofar gida ko gefen masallaci, a haɗa a ci tare, a fara da na wannan a koma na wancan. Baƙon da ya fito da nasa ya ajiye cikin na mutane ya gama gabatar da kansa, ba sai ya faɗi muƙaminsa ba. In kuma yana wucewa aka ce masa bismilla, ko ya ƙoshi ya tsuguna ya kai loma ɗaya. Idan Bazabarme ne aka kawo shi Gidan Rumji ko Tsibiri, to ya shirya, don Gobirawa abokan wasansa ne, kuma a kan kwano wasan ya fi zafi: za a ce ya cika ci, a ce bai iya cin tuwo ba, a ce bawansu ne ya zo gaishe da iyayen gidansa. Kada ya ɓata rai, ya rama. Wannan wasan taubasantaka na Nijar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, kuma na ga ya buɗe wa ma'aikata ƙofofin da takardar hukuma ba ta buɗe ba.

Mace baƙuwa hanyarta daban ce, don ba za ta zauna a bencin mai shayi ko na mai tsire ba. Tata ƙofar ita ce shiga gidaje: barka da haihuwa, suna, biki, gaisuwar rasuwa, da taron adashi. A ƙasar Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, tsarin da daga baya ya bazu ƙasashe da dama, kuma da wuya ka sami gari a nan da babu irin wannan taro na mako-mako. Ungozomar da ta shiga ɗaya za ta san mai man gyaɗa na gaskiya, da mai daddawa, da wadda ta iya dakuwa, tun kafin abokan aikinta maza su gano mai tsire na biyu.

Sai nama. Duk wanda ya bi motar Yamai zuwa Maraɗi ya san in an tsaya Gidan Rumji masu kilishi ne ke fara isowa taga. Matafiyi yakan saya a gurguje ya wuce. Mazaunin gari yana da damar da matafiyi ba shi da ita, wato ya je da safe ya ga yadda ake yi. Mahauci yana zaune da tsokar cinyar sa, an cire mata kitse da jijiya, yana bin ta da wuƙa a hankali yana warware ta, har dunƙulen nama ya zama shimfiɗa ɗaya mai faɗi wadda in ka ɗaga za ka ga hasken rana ta cikinta. Wuƙar ba ta huda ba, ba ta yanke ba. A shanya a kan gadon kara, rana ta busar. Sannan a tsoma a labu, wato kwaɓin tunkuzar gyaɗa da citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa da barkono da gishiri, a sake shanyawa, daga ƙarshe a gasa sama-sama a kan garwashi. Akwai ja, akwai fari, akwai kuma rumuzu wanda ba a tsoma shi a labu, mai da gishiri da ɗan yaji kawai ake shafa masa. Ni rumuzu na fi so, don a cikinsa babu inda naman banza zai ɓuya. Kilishin rani ya fi na damina, dalili kuwa a fili yake: rana ce rabin aikin. Kilishin Nijar yanzu yana da rajistar sunan asali a hukumar OAPI ta ƙasashen Afirka, tare da albasar Galmi, amma mutanen Gidan Rumji da Tsibiri da Tasawa ba su jira takarda ba kafin su san nasu.

Gabas da Maraɗi kuwa, daga Caduwa zuwa Agiye da Gazawa, ƙasar aya ce da riɗi da gyaɗa da wake. Baƙon da ya iso da kaka zai ga hayaƙi da ƙura suna tashi daga wasu gonaki ya ɗauka gobara ce. Haƙar aya ake yi: a ƙone ganyen, a tone ƙasa, a yi ta tankaɗe da rariya har 'ya'yan su rage. Aiki ne mai cin ƙirji, mai gajiyar da ƙasa kuma, shi ya sa aya take son taki da yawa. Daga nan buhuna ke tafiya Najeriya, wasu har Sifaniya, inda mutanen Balansiya ke yin wani farin abin sha da ita, ɗan'uwan kunun ayarmu. A gida kuwa ana cin ta ɗanya, ana soyawa, ana daka dakuwa. In an sami kantun riɗi sabon yi a haɗa, an gama tsarabar yara.

Duk wannan a ranar kasuwa ake ganinsa a wuri ɗaya. Maraɗi na ci Litinin da Juma'a, sauran garuruwa da ƙauyuka kowanne da ranarsa, 'yan kasuwa na zagayawa da motoci da amalanken shanu. Abu na farko da baƙo zai tambaya ke nan, ya rubuta ya liƙa a bango. Garin da ya gani shiru ran Talata, in ranarsa ta zo ba zai gane shi ba: rumfunan tuwo da shinkafa da wake sun buɗe, masu balangu sun kafa tukuba, an jera zabi da kaji, a kara kuma ga jajayen awakin Maraɗi waɗanda fatarsu ta yi suna har Turai. Ya shiga da ɗan gari a karon farko, ya bar shi ya yi ciniki, shi ya saurara.

Wuraren gani fa? Na farko Tsibiri, a ƙasar Gidan Rumji, tafiyar 'yan mintoci daga Maraɗi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa sun yi shekaru suna neman wurin tsayawa. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta yi nasara, Sarkin Gobir Ali ya rasu a fagen fama. Bayan haka Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, kusa da Katsinawan da su ma suka kafa sabon gadon sarautarsu a Maraɗi. Gidan Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ke nan ya sake tsayawa da ƙafarsa, kuma yana nan har yau, a 2010 ma gwamnati ta ɗaga sarautar zuwa matsayin sultan. Fadar ba gidan tarihi ba ce da ake sayen tikiti, wurin aiki ne, ana shari'ar gona da gado da aure a cikinta. Wanda ke son shiga ya sami mai gabatar da shi, ya tuɓe takalmi inda aka tuɓe, ya ce ranka ya daɗe, ya bar waya a aljihu sai an ba shi izinin hoto. Ranar hawan salla kuwa ba ya bukatar kowa, ya tsaya a bakin hanya ya ga dogarai da dawaki, ya ji kakaki da algaita. A Tsibiri ne kuma ake da sarautar Inna, mace daga gidan sarauta wadda al'amuran mata da na bori ke hannunta tun zamanin da, ana kuma yin Buɗin Daji, bikin da mafarauta da masu riƙe da al'adun gargajiya ke buɗe shekara da shi. Malaman addini da yawa ba sa goyon bayansa, mutanen gari ma ra'ayinsu ya rabu. Baƙo ba alƙali ba ne a wannan, amma ya kamata ya san cewa a wannan kwari wani masani Bafaranshe mai suna Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazari, kuma abin da ɗaliban jami'a ke karantawa a littafinsa ga shi ana yi a gaban ido. In ya gangara fadama zai tarar da lambunan zogale da mangwaro da rake, inda kwaɗon da yake ci da la'asar ya samo asali.

Na biyu shi ne wanda na fi so in kai mutum, ko da yake da farko ba ya ganin abin da ake nuna masa. Gonaki ne kawai, a ƙasar Agiye, wajen Ɗan Saga. Gawo da kalgo da sabara da aduwa tsaye cikin hatsi, nan ɗaya can ɗaya har iyakar gani. Sai dattijo ya gaya maka cewa bayan farin 1973 da na 1984 wurin nan fili ne fetal, iska na binne shuka da yashi, mata na yini guda neman itacen girki, sannan za ka sake duban gonar da wani ido. Itatuwan nan ba dasa su aka yi ba. Kututturan da ake sassabewa kowace shekara ne aka bar su suka tofo, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga gatari da bakin dabbobi. Manoma na kiran abin sassabin zamani. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya fara yaɗa dabarar a 1983, ayyukan raya karkara na FIDA a Agiye suka ɗora, amma mutanen ƙauye ne suka riƙe ta, da kwamitocin sa ido da suka haɗa maza da mata da makiyaya. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta fili mai faɗin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, Rinaudo kuma ya sami lambar Right Livelihood a 2018. Manoma da masana daga ƙasashe da dama sun zo Ɗan Saga ganin wannan. Abin takaici ne a ce ma'aikacin da ke zaune a Agiye, kabu-kabu ɗaya tsakaninsa da wurin, bai taɓa zuwa ba. Ya je da rani, lokacin da gawo ke da ganye sauran daji ya bushe, ya ga awaki na tsintar 'ya'yansa a ƙasa.

Ta wajen Gazawa kuma Gulbin Kaba ya ratsa, tsohon kwari mai goriba, inda kabar tabarmi da igiya da faifai ke fitowa. Bayan girbi ƙauyuka na shirya kokawa a dandali da kiɗa da kirari, kuma daga irin waɗannan filaye ake samun waɗanda ke zuwa neman takobin ƙasa, gasar da aka fara a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka. Kokawar ƙauye ba a sanar da ita a rediyo kullum, a fadar samari masu shayi ake jin ranar.

Akwai inda ba a zuwa yawo. Kudancin Gidan Rumji, wajen iyaka da Sakkwato da Zamfara, 'yan bindiga sun addabi mutane da satar shanu da garkuwa. Kafin a bar kwalta a tambayi masu gari, kuma kada dare ya riski mutum a hanya. Wannan masifa ce ta kawo wa yankin wasu baƙin da ba takardar aiki ta turo su ba. Daga 2019 dubban mutane, yawancinsu mata da yara, suka tsallako daga Najeriya. Kafin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da wasu Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari, talakawan ƙauyukan iyaka ne suka sauke su a gidajensu, suka raba musu abin da ke rumbu.

Rumbun nan kuwa ba ya kai shekara a gidaje da yawa. Baƙon da ya zo da kaka ya tarar da yalwa, kada ya ɗauka haka garin yake kullum. Daga Yuni zuwa Agusta, an yi shuka ba a girbe ba, hatsi ya yi tsada, fura ta ƙara ruwa, kwaɗon tafasa da yaɗiya ya koma abincin dare. Yankin nan na cikin inda yunwar 2005 ta fi tsanani, har yau kuma asibitoci na cika da yara masu tamowa a waɗannan watanni. Amma ko a lokacin maƙwabta ba za su daina aiko wa Mushe kwano ba, kunya ba za ta bar su ba. Mai albashi ya lura da wannan. Kwanon da aka aiko kada ya koma wayam: a zuba tiyar shinkafa, ko sukari, ko sabulu, a ba yaron da ya kawo ya mayar. Matar da ke yi masa tuwo ya biya ta a farkon wata maimakon ƙarshe, don ta sayi hatsi kafin ya ƙara hawa. In zai yi hutun damina a garinsu, ya sallami masu bin sa kuɗin shayi da na nama kafin ya hau mota, ya kuma bar wa mai gadi abin cefane.